Jirgin Kangon Baya

Kurnar Asabe, Kano
6 ga Maris, 2024

Zuwa ga ɗana Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Mu nan sai godiya. Ummanka ƙafar ce dai take tasar mata in ta daɗe a zaune, ni kuma idona ya fara neman tabarau, amma da hannuna na rubuta, ban ba kowa ba. Na koma takarda ne don wayarka ta ishe ni. A kira ka sau biyar ka ɗaga sau ɗaya, kafin mutum ya gama yi maka ban gajiya ka ce kana cikin aiki. Alhaji Badamasi na kasuwar Kwari ya ce duk bayan wata biyu yana zuwa garinku sarin hijabai, kuma yana ganinka. To shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Maganar jirgin saman da babanka yake ƙerawa ce ta sa na zauna rubutu. Shekara guda ke nan da rasuwar Yaya Lawal, har yau ba a raba gida ba. Yayanka Ja'afar yana son kangon baya ya gina ɗaki biyu, ga matarsa ta kusa haihuwa ta uku, duk suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Amma jirgin ya cinye kangon daga katanga zuwa katanga, kuma ka san ba ya fita ta zaure, babanka cewa yake ranar da ya gama shi zai rushe katanga. Makon jiya Ja'afar ya kawo 'yan gwangwan su biyu, suna ƙwanƙwasa ƙarfen kamar masu zaɓen kankana. Na fito da muciya a hannu. Ban ce zan doki kowa ba, amma sun gane hanyar waje.

Shekara goma sha tara ɗan'uwana ya yi a kan abin nan. Tun muna yara, in an aike shi kai wa kakanka mai sunanka abinci a maƙera, sai ya zarce bakin wayar filin jirgi ya tsaya har tuwon ya huce, ya dawo ya sha duka, gobe ya koma. Ni na ɗinka rigar fukafukan nan da kekena. Ranar da na je sayen alawayyo bandir uku, mai shagon har ta'aziyya ya yi mini, ya zaci annoba ce ta faɗo mana gida.

Babanka bai tura ka Malesiya koyon aikin jirgi don ka ga gari ba. A gabana ya ce, "Ni na kai shi inda hannuna ya tsaya, Datti ne zai tayar da shi." Karatun shekara huɗu aka ce mana, ga ka cikin ta shida. Ja'afar ya yarda zai jira in akwai ranar jira. Saboda haka ka ba ni rana, ba "kwanan nan" ba, rana mai suna.

Ummanka tana gaishe ka. A tsakar gida zan karanta mata amsarka, ka gyara rubutunka.

Goggonka,
Hafsatu

Danau Kota, Kuala Lumpur
23 ga Maris, 2024

Zuwa ga Goggo,

Amin, wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da Umma da Yaya Ja'afar da iyalinsa, ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya ba Umma sauƙin ƙafa. Ni lafiyata lau, sai zafi mai ɗanko da ruwan da ba ya sallama kafin ya sauko.

Takardarki ta same ni, na karanta ta sau uku, ta ukun ina dariyar muciya. Ina zaune a hawa na ashirin da ɗaya, Goggo. Babana ya yi shekara goma sha tara yana neman ya ɗaga daga ƙasa ko da kamu ɗaya ne, ni kuma kullum lifta ke kai ni inda shaho ke shawagi, ba wani daɗi da nake ji. In na leƙa ta ƙarfen taga na hango jirgi ƙanƙane can nesa, kangonmu nake tunawa.

Kin tuna farfelar? Kalilu mai sassaƙa turmi ya ɓata icen maɗaci biyu kafin ya gane abin da Baba yake nufi, ta farko ke kika ce a ba ki ki tuƙa tuwon biki da ita. Da ranar da aka tayar da injin motar Bitil ɗin, iska ta kwashe shanyar Umma ta kai gidan maƙwabta, kaji suka bi ta kan katanga, Baba yana tsaye yana dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Na fi tuna shi a shagonsa, ya ba ƙofa baya, guntun gawayi a hannu, yana rubutu a bango yana magana shi kaɗai, shayinsa ya huce ƙuda ya faɗa ciki. Ina kewarsa ƙwarai, kuma rashin zuwana jana'izarsa har yau yana damuna.

Ki ce wa Yaya Ja'afar ya yi mini haƙuri. In Allah ya yarda ina tafe bayan Babbar Sallah da mako biyu.

Ɗanki,
Datti

Goggo, wannan guntuwar takardar taki ce ke kaɗai, kada ta shiga tsakar gida. Izinin zamana a ƙasar nan ya ƙare. Fasfona yana hannun wani ejan a unguwar Brickfields da ya ce zai sabunta mini biza, kullum na je sai ya ce, "Boleh, boleh, next week lah," wato zai yiwu, mako mai zuwa. Makon nan nasa ya daɗe bai zo ba. Don haka ranar da na faɗa ina fata ne, ban riƙe ta a hannu ba. Ki dai tsare mini jirgin.

Kurnar Asabe, Kano
19 ga Mayu, 2024

Zuwa ga ɗana Datti,

Assalamu alaikum. An sha ruwa lafiya, an yi Ƙaramar Sallah lafiya, matar Ja'afar ta sauka, an samu mace, sunanta Afnan. Sunan 'yan zamani, har yau Ummanka Afuna take ce mata.

Na karanta takardarka a tsakar gida kamar yadda na ce. Da na zo wajen bayan Babbar Sallah, Ummanka ta sa na maimaita, sannan ta tashi da ƙafar tata ta leƙa gidan maƙwabta ta faɗa. Yanzu unguwa kaf an san injiniya yana tafe. Ja'afar ya sallami magini, ya ce sai ka zo.

Ita kuwa guntuwar takardar na ɓoye ta a ƙasan adaka, amma ban ga abin ɓoyo a cikinta ba. Takarda ce ta ƙare, a sabunta mana. Ni ma katin zaɓena ya taɓa ɓata, yini biyu na yi a layi aka ba ni wani. Ka je ka zauna wa mutumin nan a ofis tun safe, ka ƙi tashi, za ka ga ya nemo mako mai zuwan. Kai ka cika kunya kamar kakanka.

Bari in ba ka labari mai daɗi. Ka san gidan nan ba a tarar baƙon kirki da bango mai datti. Mun shafe gida kaf da farar ƙasa, tun daga zaure har madafa. Shagon babanka kuma shi muka ware maka, don injiniya yana bukatar wurin ajiye takardunsa. Bangon nan da ya yi baƙi ƙirin da zane-zanen gawayi, wani kan wani tun daga ƙasa har inda hannu yake kaiwa, sai da Ja'afar ya yi masa shafe uku kafin ya rufu. Da kansa ya yi, bai ɗauko kowa ba, ka ga ai ya sauko. Yanzu ɗakin fes, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na rataye hoton babanka. Jirgin ma na sa an wanke shi, na ɗinke inda ɓera ya ci a fiffiken hagu.

Alhaji Badamasi ya ce a wani shagon yadi ya same ka a layin Masjid India kana ɗaure dila, gumi har gwiwa. Na ce masa ai ɗan gidanmu ne, ba ya ganin aiki ya wuce. Amma ka rage, kada ka zo mana a rame.

Saura mako shida ta lissafina. Ka faɗa wa Alhaji jirgin da za ka biyo.

Goggonka,
Hafsatu

Danau Kota, Kuala Lumpur
2 ga Yuni, 2024

Goggo,

Ina gaishe ki, Allah ya raya Afnan. Wannan takardar duka taki ce, babu ta tsakar gida a ciki.

A tsaye na karanta wasiƙarki a bayan shago, sai da na nemi dila na zauna. Goggo, bangon nan shi ne jirgin. Baba bai taɓa rubuta komai a takarda ba, cewa yake takarda tana ɓata, bango kuwa ba ya zuwa ko'ina. Tsawon kowane ƙarfe, karkatar fiffike, inda inji zai zauna don kada hanci ya rinjayi wutsiya, abin da ya gwada ya ƙi, abin da ya rage bai yi ba, duk suna nan, na shekarun farko a ƙasa, na ƙarshe a sama. Ni kaɗai ya koya wa karanta shi. Ban ce ku kiyaye shi ba don ban taɓa zaton akwai wanda zai taɓa shi ba. Na yi fushi da ke yini guda. Da fushin ya sauka sai na ga ba ke kika shafe shi ba, ranar ƙaryar da na ba ki ce ta shafe shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba injiniya ba ne. Shekara biyu na yi a kwaleji na daina zuwa. Dilar da Alhaji ya gan ni ina ɗaurewa ba taimako ba ne, aikina ke nan, shekara huɗu. Ban taɓa sa hannu a jikin jirgin gaske ba.

Abin da ya fitar da ni daga aji shi ya fi nauyin faɗa. A zangon farko aka koya mana lissafin nauyi da ƙarfin inji. Na koma ɗaki na zauna da awon Baba da na haddace, na buga, na sake bugawa. Bututun ruwa ya yi ƙashin jirgin da shi, Goggo, don shi ya samu. Nauyinsa ya ninka abin da injin Bitil zai iya ɗagawa. Ko wa aka kawo ba zai tashi ba. Duk Juma'a Baba yana kirana yana tambaya me aka koya mana da zai yi masa amfani, ni kuma ina ce masa saura kaɗan. Na kasa gaya masa, na kasa zama a aji ina ƙara sanin abin da ba zan iya faɗa ba. Daga fashin kwana ɗaya aka koma mako, har makaranta ta cire sunana, biza ta bi ta.

Ba irin katin zaɓe ba ne. Ejan ya dawo mini da fasfo yadda na ba shi. Wanda ya wuce wa'adi irina ba ya sayen tikiti ya tafi, sai ya kai kansa ofishin shige da fice, su yi masa hukuncin da suka ga ya dace, wataƙila su tsare shi, sannan su sa shi a jirgi. Hanyata biyu ce a garin nan, daga ɗaki zuwa shago, daga shago zuwa ɗaki. In na hango masu kaki a tashar jirgin ƙasa ta LRT sai in juya kamar na yi mantuwa. Ko a shagon mamak, masu sayar da abinci, ba na zama, tapau nake cewa, su ƙunsa mini in hau sama in ci. Da Baba ya rasu ina nan hawa na ashirin da ɗaya, na ce muku jarrabawa ce ta hana ni.

Ba tsarewar ce ta fi ba ni tsoro ba. In sauka Kurna unguwa ta taru, a buɗe mini kango a ce bismilla, wannan nake gudu. Nan ba zama, can ba zuwa.

Ki yafe mini. Umma kuma ban san yadda za a yi da ita ba.

Datti

Danau Kota, Kuala Lumpur
11 ga Agusta, 2024

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Umma. Alhaji Badamasi ya zo shekaranjiya. Na tsaya yana buɗe jaka, ya ba ni kilishi da yaji daga Umma, ya zuge jakar. Na tambaye shi ko akwai takarda, ya ce Hajiya Hafsatu ba ta ba shi komai ba. Na kira wayarki sau huɗu, yanzu na san yadda abin yake.

Sallah ta wuce, mako biyun sun wuce. Ban san abin da kika ce wa mutane ba, ban san ko Umma ta ji ba, in ta kira ni gaisuwa kawai muke yi. In kin cire ni daga cikin 'ya'yanki ne, ban ce kin zalunce ni ba. Amma ki rubuto ko zagi ne, shirun ya fi ƙarfina.

Datti

Kurnar Asabe, Kano
28 ga Satumba, 2024

Datti,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na sayi tabarau.

Ka ce in rubuto ko zagi ne. Da na rubuta a watan Yuni da zagin za ka samu, shafi huɗu, shi ya sa na riƙe hannuna. Kuma ina da aiki. Ranar da na karanta takardarka na ɗauki tsumma da ruwa na shiga shagon, na ce tunda farar ƙasa ce ai za ta wanku. Ta wanku, ta tafi da gawayin. Na koma kankarewa da cokali a hankali, kwana tara, abin da na samu rabin lamba ne a nan, guntun layi a can. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a kan sabuwar tabarmar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ɗan'uwana.

Da kukan ya ƙare na fita kango na dubi jirgin, na daɗe ina dubansa. Shekara guda ina tsaron ƙarfe da muciya, ashe ɗanmu nake tsarewa a waje. Muddin yana kangon nan ba za ka zo ba, na gane wannan.

Ranar Talatar da ta wuce na aika aka kira 'yan gwangwan. Ni na kira su, ba Ja'afar ba, kada ka riƙe shi a zuciya. Shi da ya fi kowa son kangon, da suka kunna injin yanka sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ni na tsaya. Na ce su bari in farke alawayyon da kaina, tunda ni na ɗinka. Sun fara da hantsi, kafin azahar sun gama, suka fitar da shi ta zaure guntu-guntu. Aikin shekara goma sha tara. Ban san ko Yaya Lawal zai yafe mini ba, wannan tsakanina da shi ne, ba ruwanka a ciki.

Ummanka na gaya mata komai tun kafin a taɓa jirgin, ban rage ko ɗaya ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Shekara huɗu yana cin abinci a ɓoye?" Abin da ya tsaya mata ke nan. Unguwa kuwa na faɗa wa mata biyu da na san bakinsu, kafin la'asar kowa ya ji. Sun yi surutunsu na mako guda sun koma kan wani. Babu mai jiran injiniya a Kurna yanzu, na share maka wannan.

Saura naka. Alhaji Badamasi ya ce zai ƙara kwana uku a kan tafiyarsa, ya raka ka ofishin da ka faɗa, ya tsaya har ya ga inda aka kai ka, ya kawo mana labari. In tsarewa ce ka daure, tana da ranar ƙarewa, wannan zaman naka ba shi da ita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kada ka ɗauka an gama magana. Ka bar ubanka ya mutu yana jira, ka bar ni na shafe hannunsa da hannuna. Ban yafe maka ba tukuna, kuma ba zan ba Alhaji yafiya ya sa a jaka ba. In kana so, ka zo ka tsaya a gabana ka roƙa.

Goggonka,
Hafsatu